Gishiri da Daskarewar Ruwa: Lissafi, Gwaji da Haɗa Ƙanƙara Mai Kaiwa −21°C

Tsantsar ruwa yana daskarewa a 0°C. Da zarar an narka masa gishiri, wannan lamba sai ta sauka. Ruwan teku, mai ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowane kilo, ba ya fara kama ƙanƙara sai a wajen −1.9°C. Ruwan da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa gishiri ne sai ya kai −6.6°C. Haka abin ke ta sauka har zuwa −21.1°C, inda yake cijewa, ko da za a juye masa buhu guda.

Mutane da yawa sun ɗauka gishiri yana da wani zafi da yake narka ƙanƙara da shi, wasu kuma na ganin sanyi gare shi. Duka biyun ba haka ba ne. Aikin gishiri ɗaya ne tak: yana sauya matakin da ruwa da ƙanƙara ke iya zama tare ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Abin da ke faruwa a fuskar ƙanƙara

Ƙanƙarar da ke cikin ruwa a 0°C kamar a tsaye take cik, amma fuskarta ba ta hutawa. Kowane lokaci wasu ƙwayoyin ruwa na ɓallewa daga jikinta suna shiga ruwa, wasu kuma na fitowa daga ruwa suna mannewa a jikinta. A 0°C masu fita da masu shiga daidai wa daida suke, shi ya sa ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa.

Idan gishiri ya narke a ruwan, kowace ƙwayarsa tana rabuwa gida biyu, sodiyam da kuloraid, su bazu. Ita kuwa ƙanƙara tsari gare ta mai tsauri, ba ta karɓar waɗannan baƙi a jikinta, sai tsantsar ruwa. To yanzu ruwan da ke gefenta ya zama gauraye, komawar ƙwayoyin ruwa jikin ƙanƙara ta ragu, alhali ficewarsu tana nan yadda take. Sai narkewa ta rinjayi daskarewa. Ba za su sake yin kunnen doki ba sai sanyi ya ƙaru, ficewar ma ta ragu. Wannan sabon matakin shi ne sabon wurin daskarewa.

Daga nan ne sanyin da ake ji yake fitowa. Kowane giram ɗaya na ƙanƙara yana buƙatar zafi jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya koma ruwa, zafin da ya isa ya sauke giram 80 na ruwa da digiri ɗaya. Tun da gishiri ya tilasta mata narkewa ba tare da an kawo zafi daga waje ba, sai ta zuƙe shi daga jikinta, daga ruwan, daga kwanon, da duk abin da aka tsoma a ciki.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne yawan ƙwayoyin da suka bazu a ruwa, ba girmansu ko nauyinsu ba. Charles Blagden na Ingila ya nuna a 1788 cewa saukar tana tafiya daidai da yawan abin da aka narka. François-Marie Raoult na Faransa, a shekarun 1880, ya gano cewa adadin ƙwayoyi ne ke aiki. Sai Svante Arrhenius na Suwidin ya bayyana a 1887 dalilin da ya sa gishiri ke yin kusan ninki biyu na abin da ake zato: rabuwar nan da yake yi gida biyu.

Lissafin

Ƙa'idar ita ce: ΔT = i × K × m

ΔT shi ne yawan digirin da wurin daskarewa zai sauka. K lamba ce ta ruwa, ba ta canzawa: 1.86. Harafin i shi ne gida nawa abin yake rabuwa idan ya narke: gishirin girki 2, kalsiyam kuloraid 3, sukari 1 domin ba ya rabuwa. Shi kuma m yawan mol ne a kowane kilo ɗaya na ruwa, mol kuwa ma'auni ne na ƙirga adadin ƙwayoyi. Mol ɗaya na gishirin girki giram 58.44 ne, na sukari kuwa giram 342.

A ce ka narka gishiri giram 20 a ruwa giram 250. Raba 20 da 58.44, ka sami mol 0.342. Raba wannan da nauyin ruwan a kilo, wato 0.25, ka sami 1.37. Sai ka ninka: 2 × 1.86 × 1.37, ya ba ka 5.1. Lissafi ya ce ruwan zai fara daskarewa a wajen −5.1°C.

Idan ka gwada da ma'auni za ka ga kamar −4.7°C, kuma ba kai ka yi kuskure ba. Sodiyam da kuloraid suna jan juna ko a cikin ruwa, don haka ba sa aiki kamar ƙwayoyi biyu masu cikakken 'yanci. A ruwa mai matsakaicin gishiri, sa 1.85 a madadin 2 ya fi kusa da gaskiya. Idan gishirin ya yi yawa sosai kuma, abin yakan juya: a kashi 23.3 lissafi yana ba da 19.3, amma ma'auni yana nuna 21.1, saboda ƙwayoyin gishirin sun riƙe ruwa mai yawa a jikinsu. Ƙa'idar tana da amfani wajen kintace, amma inda ake son takamaiman lamba, waɗannan da aka auna su ne abin dogaro:

Kashi 5 (giram 5.3 a ruwa giram 100): −3.0°C
Kashi 10 (giram 11.1 a ruwa giram 100): −6.6°C
Kashi 15 (giram 17.6 a ruwa giram 100): −10.9°C
Kashi 20 (giram 25 a ruwa giram 100): −16.5°C
Kashi 23.3 (giram 30.4 a ruwa giram 100): −21.1°C

A lura da lambobin cikin baka. Kashi 20 yana nufin gishiri giram 20 da ruwa giram 80, jimla 100. Wanda ya zuba giram 20 a ruwa giram 100 ya haɗa kashi 16.7 ne, kuma wurin daskarewarsa zai saɓa da kusan digiri huɗu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki.

Kwatanta da sukari yana ƙara fito da batun adadi fili. Sukari giram 10 a ruwa giram 100 yana sauke daskarewa da rabin digiri kawai. Gishiri giram 10 a ruwa iri ɗaya yana saukewa da kusan digiri 6. Ƙwayar sukari tana da nauyi, don haka kaɗan ne a giram 10, ga shi kuma ba ta rabuwa.

Haɗa kwanon sanyi

Kafin a auna komai, ana buƙatar wurin da ya fi abin da za a daskarar sanyi. Firiza ba ta dace da wannan ba, domin ba za ka iya motsawa da karanta ma'auni a cikinta ba. Kwanon ƙanƙara da gishiri shi ne daidai.

Nemi ƙanƙara giram 600, gishiri giram 200, da kwanon roba mai zurfi ko ƙaramar kula. Ƙa'idar ita ce uku bisa ɗaya da nauyi. Naɗe ƙanƙarar a tawul ka farfasa ta har ta koma ƙanana kamar tsakuwa. Wannan mataki shi ne rabin aikin, domin narkewa a fuskar ƙanƙara take faruwa, kuma manyan dunƙule fuskarsu kaɗan ce. Da su, da ƙyar ka wuce −8°C ko −10°C.

Tsiyaye duk ruwan da ya taru kafin ka sa gishiri. Sai ka shimfiɗa ƙanƙara, ka barbaɗa gishiri, ka sake shimfiɗawa, ka sake barbaɗawa, sannan ka gauraya da cokali sosai. Cikin 'yan mintoci za ka ga ruwa ya taru a ƙasa, farar raɓa ta daskare a bayan kwanon, ma'auni kuma yana gangarawa. A aikace akan sami −15°C zuwa −18°C. Kaiwa −21°C sai da ƙanƙara mai laushi ƙwarai da kwano mai riƙe sanyi. Irin wannan haɗi ne Daniel Gabriel Fahrenheit ya yi amfani da shi wajen kafa sifilin ma'auninsa, wanda ya bayyana a 1724, kuma sifilin nan ya yi daidai da −17.8°C.

Kada ka zubar da ruwan gishirin da ya fito daga baya. Shi ne ke lulluɓe abin da ka tsoma ta kowane gefe yana janye masa zafi, abin da busasshiyar ƙanƙara mai iska a tsakaninta ba ta iyawa. Idan sanyin ya fara raguwa, duba ƙasan kwanon. In akwai gishirin da bai narke ba, ƙanƙara ce ta ƙare, sai ka rage ruwan kaɗan ka ƙara ta. In babu, gishiri za ka ƙara.

Hannu tsirara ba ya shiga wannan haɗi. Ruwa mai −18°C yana lalata fata cikin ɗan lokaci, ya bar ciwo irin na ƙuna, kuma sanyin yakan kashe jin zafin har sai ɓarnar ta auku. Sa safar hannu, yi aiki da cokali, kuma kada a bar yara su ɗora gishiri da ƙanƙara a fatarsu da sunan wasa.

Auna wurin daskarewa

Kayan aiki: sikelin da ke auna har giram 0.1, ma'aunin zafi na lantarki mai tsinke wanda ke sauka zuwa −20°C aƙalla, bututun gwaji ko siririyar kwalba guda huɗu, tataccen ruwa irin na batir ko na ɗakin gwaji, agogo, da takarda. Kada ka dogara da cokali wajen auna gishiri. Ƙaramin cokali na gishiri mai laushi kamar giram 6 ne, amma mai tsakuwa bai kai haka ba.

1. Fara da gwada ma'aunin kansa. Cika kofi da farfasasshiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan mara gishiri, motsa na minti biyu, ka tsoma tsinken. Ya kamata ya nuna 0.0°C. Idan ya nuna 0.4, rubuta, ka riƙa cire 0.4 daga duk abin da ka karanta daga baya.

2. Haɗa samfur huɗu, kowanne da ruwa giram 100: na farko ba gishiri, na biyu giram 2.9, na uku giram 5.8, na huɗu giram 11.7. Motsa har sai ba ka ganin ko ƙwaya ɗaya a ƙasa. Gishirin da bai narke ba ba ya cikin lissafi.

3. Zuba kamar mililita 10 na samfur a bututu. Tsoma shi a kwanon sanyi har ruwan gishirin waje ya haura tsayin na ciki, amma ka kiyaye kada ko ɗigo ya faɗa ciki.

4. Riƙe tsinken ma'aunin a tsakiyar samfurin, kada ya taɓa gilashi. Jikin gilashi ya fi tsakiya sanyi, zai ba ka lambar ƙarya. Riƙa motsawa a hankali ba tsayawa, kana rubuta abin da ma'auni ya nuna duk daƙiƙa 30.

5. Sa ido a kan lokacin da lambar ta daina sauka ta yi tsalle sama. A daidai lokacin za ka ga samfurin ya yi hazo, ƙananan allurai na ƙanƙara sun bayyana. Lamba mafi girma da ma'auni ya kai bayan tsallen ita ce wurin daskarewa.

6. Fito da bututun, bari ya narke, ka maimaita sau biyu ko uku. Kurkure tsinken da tataccen ruwa ka goge kafin ka koma samfur na gaba.

Abin da ya kamata ka gani shi ne 0°C, sai wajen −1.7°C, −3.4°C da −7°C. Saɓani na digiri 0.2 ko 0.3 ba abin damuwa ba ne da kayan gida.

Tsallen nan na mataki na biyar yana bukatar ƙarin bayani, domin shi ke ruɗa masu farawa. Ruwa yana iya wuce wurin daskarewarsa da digiri da yawa bai daskare ba, muddin bai sami wurin da ƙanƙarar farko za ta kama ba. Da zarar ta kama, sai ta bazu nan take, kuma daskarewa tana sakin zafi, jul 334 ɗin nan da narkewa ke ci. Wannan zafin ne ke ɗaga ma'auni ya mayar da shi wurin daskarewa na gaskiya. Wanda ya rubuta lamba mafi ƙasa ya rubuta abin da ba shi da alaƙa da gishiri. Idan samfur ya wuce inda ake tsammani da digiri ɗaya bai kama ba, jefa masa ɗan ƙwayar ƙanƙara mai tsabta kamar kan allura, ko ka karci cikin gilashin da tsinken. Barinsa ya zurfafa da yawa yana sa ƙanƙara mai yawa ta fito lokaci guda, ragowar ruwan ya ƙara gishiri, lambar ta fito ƙasa da yadda ya kamata.

Bayan tsallen za ka lura da wani bambanci. Tsantsar ruwa yana tsayawa a 0°C har sai ya daskare duka. Ruwan gishiri ba ya tsayawa, sai ya riƙa zamewa ƙasa a hankali. Dalili shi ne ƙanƙarar da ke fitowa kusan tsantsar ruwa ce, gishirin yana zama a ragowar ruwan, wanda ke ƙara kauri, wurin daskarewarsa kuma yana ƙara sauka. Saboda haka ruwan gishiri ba shi da wurin daskarewa guda. Yana da inda yake farawa, yana da inda yake ƙarewa, kuma ƙarshen kullum −21.1°C ne.

Idan tsallen ya ƙi kamuwa, akwai wata hanya. Bar samfurin ya yi rabin daskarewa, fito da shi, ka riƙa motsawa yana ɗumama a iska. Lambar da ma'auni ya nuna a lokacin da ƙanƙara ta ƙarshe ta ɓace ita ce amsar. Narkewa ba ta yin jinkirin da daskarewa ke yi, don haka wannan hanya takan fi ba da lamba mai maimaituwa.

Gwajin firiza

Wanda ba shi da ma'auni mai kyau zai iya ganin abin da idonsa. Firizar gida yawanci tana kan −18°C. Sa kofunan roba huɗu: tsantsar ruwa, kashi 10, kashi 20 da kashi 23, kowanne giram 100, a bar su kwana. Kofin gilashi yana iya fashewa, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 idan ya daskare.

Na farko zai zama dutse. Na kashi 10 zai yi fari, ya yi taushi, cokali yana shigarsa, domin a −18°C ragowar ruwan yana tsayawa a kashi 21 na gishiri, wato kusan rabin kofin ƙanƙara ne, rabi ruwa ne maƙale a tsakaninta. Na kashi 20 zai nuna 'yar ƙanƙara kaɗan tana yawo a sama. Na kashi 23 zai kwana yana ruwa. Idan shi ma ya daskare, firizar ta fi −21°C sanyi. Irin wannan rarrabewa ce ke faruwa a tekunan da ke daskarewa, inda ƙanƙarar sama ke tsiyayar da gishirinta sannu a hankali zuwa ruwan ƙasa.

Me ya sa yake cijewa a −21.1°C

Ruwa yana da iyakar gishirin da zai ɗauka, kamar giram 36 a kowane giram 100. A cikin sanyi ƙasa da sifili iyakar tana raguwa, kuma gishirin da ya yi yawa yana fitowa a matsayin ƙwayoyi masu ɗauke da ruwa biyu a jikin kowace ƙwayar gishiri. A kashi 23.3 da −21.1°C hanyoyin biyu suke haɗuwa: ƙanƙara na fita, gishiri na fita, ragowar ruwan ya daskare gaba ɗaya. Ƙara gishiri fiye da haka asara ce, zai kwanta a ƙasa kawai.

Wannan iyaka ce ke tafiyar da aikin zuba gishiri a tituna a ƙasashen da ake dusar ƙanƙara. Yawan ƙanƙarar da kilo ɗaya na gishiri zai narka ya dogara da sanyin wurin, kuma ana iya fitar da shi daga lambobin da ke sama. A −5°C ruwan yana daidaita a kashi 8, wato kilo ɗaya na gishiri zai narka ƙanƙara kilo 11.5. A −10°C sai kashi 14, kilo 6 ke nan. A −16.5°C kilo 4 kacal, ga kuma jinkiri. Shi ya sa a aikace gishirin girki yake raguwa da amfani sosai idan sanyin titi ya wuce wajen −9°C, tun kafin a je kusa da −21°C.

Akwai kuma matsalar farawa. Busasshen gishiri a kan busasshiyar ƙanƙara ba ya yin komai sai ya sami ɗan danshin da zai narke a ciki. Saboda haka akan jiƙa shi kafin a watsa, ko a fesa ruwan gishiri mai kashi 23 tun kafin dusar ta sauka, don kada ta manne da kwalta. Inda sanyi ya tsananta ana komawa ga maganiziyam kuloraid, wanda iyakarsa ke wajen −33°C, ko kalsiyam kuloraid mai kaiwa wajen −50°C. Na ƙarshen yana jan danshi daga iska da kansa, yana kuma sakin zafi idan yana narkewa, don haka ya fi saurin kamawa. Dukkansu suna cin ƙarfe, suna lalata kankare da shuke-shuken gefen hanya, suna kuma gangarawa cikin rafuka, don haka ana auna su gwargwadon sanyin da kaurin ƙanƙarar. Bayan kowane gwaji ma, a wanke tsinken ma'auni, cokali da faifan sikeli da ruwa mai tsabta a goge su, domin ruwan gishiri da ya bushe a kan ƙarfe tsatsa yake jawowa.